Me Ya Sa Zuciyar Ɗan Wasa Ba Ta Gaggawa?

Zuciyar baligi mai ƙoshin lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya idan yana hutawa. Amma da za a auna masu gudun dogon zango ko 'yan ƙwallo, sai a tarar bugun wasunsu bai wuce 40 zuwa 50 ba. Miguel Indurain, ɗan tseren keke na Sifaniya da ya lashe gasar Tour de France sau biyar a jere daga 1991 zuwa 1995, an ruwaito nasa yakan sauka har 28.

Ba rauni ba ne, ƙarfi ne. Zuciya tsoka ce, aiki ke gina ta. Jikin mai hutawa yana buƙatar jini kimanin lita 5 a kowane minti. Zuciyar da ba ta saba da wahala ba tana tura wajen mililita 70 a bugu ɗaya, tilas ta yawaita bugu kafin ta cika wannan adadi. Wadda ta shekara tana shan atisaye kuwa, ɗakinta na hagu ya ƙara faɗi da ƙarfi, bugu ɗaya ya kai mililita 100 ko fiye. Mai babban guga ai ba ya yawan ja kafin ya cika randa. Ga kuma jijiyar da ke lafar da zuciya, ita ma motsa jiki yana ƙara mata tasiri.

Sai dai ba kowane jinkiri ne alheri ba. Idan yana tare da jiri, ko suma, ko ciwon ƙirji, ko haki ba gaira ba dalili, a garzaya asibiti a yi gwajin zuciya na ECG. Haka ma dattijo, ko wanda ba ya motsa jiki amma bugunsa ya yi ƙasa da 50. Wasu magungunan hawan jini, irin su atenolol, su ma suna rage bugu. Kada a daina shan su sai da shawarar likita.

Aunawa ba wuya. Da asuba kafin ka sauko daga gado, ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙirga na daƙiƙa 30, ka ninka biyu. Idan ka san adadinka na kullum, ranar da ya haura za ka gane gajiya, zazzaɓi ko ƙarancin ruwa na neman kama ka, sai ka sassauta atisaye.