Da Wane Suna Za Mu Kira Shi a Zagga?

A shekarar 2022 Dokta Alvin Helden ya bayyana wa duniya wani sabon ƙwaro mai tsotsar ruwan tsirrai, wanda ya gano a dajin Kibale na Uganda. Tsawonsa milimita 6.5 kacal, amma ya sami suna na yanka: Phlogis kibalensis.

Ni damuwata tana Zagga. Wannan ƙwaro yana da dangi, Hilda patruelis, mai tsotsar saiwar gyaɗa har ta bushe. Da wane suna malamin gona zai gargaɗi manomi a kansa? In ya ce “ƙwari” kawai, manomi zai sayi duk maganin da ya tarar a kasuwa, ya fesa wa ganye, alhali ɓarnar tana ƙarƙashin ƙasa. Jami’o’inmu su zauna da dattawan Bagudo, su tattara sunayen da suke kiran waɗannan halittu.