Ina Ɗaliban Aji Huɗu Suka Shige?

A makarantun sakandaren gwamnati na jeka-ka-dawo da ke karkarar Bakori, Ɗanja da Ƙafur a jihar Katsina, rajista kan fara da fāɗi ta ƙare da tsini. Aji ɗaya a cike, maza da mata, amma kafin a kai aji shida an zube, kuma 'yan mata ne suka fi ɓacewa. Babban rami yana tsakanin aji uku da aji huɗu. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatu kyauta na shekara tara ne kawai, wato firamare da ƙaramar sakandare. Daga nan sai abin da uba ya ga dama, ko kuma abin da aljihunsa ya iya, domin ga kuɗin jarrabawar WAEC da NECO na jira a gaba.

Shekarun da yaro ke gama aji uku su ne shekarun da ya isa riƙe garma, yarinya kuma aka fara sallama da ita. Ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar masara ce da dawa da auduga, kuma kalandar makaranta ba ta san da haka ba. Zangon ƙarshe da manyan jarrabawa suna faɗowa ne daidai lokacin shuka da noman farko, sabuwar shekarar karatu kuma ta buɗe a watan Satumba, masara na shirin shiga gida. Manomin da ba ya iya biyan 'yan ƙodago, ɗansa ne ɗan ƙodagonsa. Saboda haka sunan yaro na iya zama a rajista shekara guda cur alhali ya fi sanin kunya da kunya a gona fiye da allon aji.

Akwai masu cewa tunda ɗaliban manyan azuzuwa ba su da yawa, gara a haɗe makarantun wuri guda a cikin gari, a tara malaman lissafi da kimiyya maimakon a warwatsa su. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, don makarantar da ba ta da malamin kimiyya ba ta cika sunanta ba. Sai dai ta manta da daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta kimiyya da ke Ƙanƙara. An dawo da su cikin mako guda, amma amanar da iyaye ke ba makarantar kwana ba ta dawo haka da sauri ba. Uban da ke ƙauyen Faskari ko Sabuwa ba zai saki 'yarsa ta yi doguwar tafiya a hanyar daji kullum ba, kuma ba shi da kuɗin acaba. Idan aka ɗauke makarantar kusa, ba gari yarinyar za ta koma ba, gida za ta zauna.

Shirin AGILE na ilimin 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohi bakwai na farko, ya gane wannan, shi ya sa ya haɗa gina azuzuwa da tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata. Abin da ya rage wa ma'aikatar ilimi shi ne ta daina auna makaranta da yawan sababbin shiga, ta riƙa tambayar kowane shugaban makaranta mutum nawa cikin 'yan aji ukun bara ke zaune a aji huɗu bana, a tsakiyar damina.