Kafa Harsashin Rumfar Leda Ta Hannu: Jagora Ga Manoman Yara a Keffi

Tun daga shekarar 2016, lokacin da tsutsar tumatir da manoma ke kira sharon ta lalata gonaki a jihohin Kano da Kaduna da Katsina, masu lambu suka ƙara mayar da hankali ga noma a cikin rumfar leda da raga. Manomin Yara yana da kasuwar Keffi a gida, ga kuma ta Abuja kusa da shi. Sai dai sabuwar rumfa na da tsada, shi ya sa da yawa ke sayen ta hannu, wadda aka kwance daga wata gonar. Irin wannan rumfa ba ta da nauyi, saboda haka babban aikin harsashinta shi ne riƙe ta a ƙasa kada iska ta tumɓuke ta.

Kafin a haƙa rami

Rumfar hannu ba kasafai take zuwa da takardar awo ba, kuma ƙarafunanta kan lanƙwashe wajen kwancewa. Don haka a fara harhaɗa ƙarafunan a fili, a auna tsawo da faɗi da tazarar ƙafafu, sannan a yi harsashi daidai da wannan awon. A duba gindin kowace ƙafa, domin nan tsatsa ke fara ci. Wadda ta rarake a yanke a yi mata walda, sauran a kankare a shafa fenti. A wanke ƙarafuna da raga da bilic kashi 1 cikin ruwa kashi 9, kada ƙasar tsohuwar gona ta kawo cutar yaushin tumatir ko tsutsar saiwa.

Zaɓen wuri

A zaɓi tudu mai rana, kusa da rijiya, nesa da inuwar mangwaro. Damina a yankin Keffi kan kama daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma hadarin farkonta yakan taso daga gabas da iska mai ƙarfi. Ya kamata gajeren ɓangaren rumfar ya fuskanci gabas, don rage faɗin da iska za ta buga.

Fitar da layi

A kafa turaku a ɗaura igiya. Don samun kusurwa madaidaiciya, a auna mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗaya gefen. Idan tsakanin alamomin biyu ya ba da mita 5, kusurwa ta yi daidai. A kuma auna daga kusurwa zuwa kishiyarta ta ɓangarorin biyu, dole awon ya zo ɗaya. A daidaita tsayin turaku da siririn tiyo mai nuna ruwan da ke cikinsa, kamar yadda magina ke yi.

Zuba kankare

Kowace ƙafa a haƙa mata rami mai faɗin santimita 30 da zurfin 50 zuwa 60. Idan ƙasar rairayi ce a ƙara zurfi. A kwaɓa siminti kwano 1, yashi 2, tsakuwa 4. A soka guntun rodi a gicciye a gindin ƙafar kafin a zuba kankare, domin shi ke hana ta zarewa. Saman kankaren ya ɗan yi tozo don kada ruwa ya kwanta a jikin ƙarfe. A riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7 kafin a ɗora baka da leda. Ƙarfinsa ba ya cika sai bayan kwana 28, saboda haka a kammala aikin tun a rani.

Daga nan a zagaye rumfar da bulo mai inci 6 sahu ɗaya ko biyu, don tare ɓera da ruwan da ke malala. A guji katako, saboda gara. A haƙa lambatu a kewaye, domin ruwan milimita 20 a kan rumfa mai mita 8 da 24 ya haura lita 3,800.

Ana shawartar malaman gona su duba ramuka da idonsu kafin a zuba kankare, domin gyara bayan ya daskare sai da fasawa. Manomi mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa.