Masu Gadin Haihuwa: Yadda Ake Raba Aiki a Gonar Kiwon Dawakin Sukuwa

Garin Newmarket da ke Ingila cibiya ce ta dawakin sukuwa, kuma gonakin kiwo sun kewaye shi. A ɗaya daga cikinsu, Banstead Manor, ake ajiye da ingarman nan Frankel, wanda ya shiga tsere 14 ya lashe su duka. A shekarar 2024, mai son a yi wa goɗiyarsa barbara da shi sai ya biya fam dubu 350. Dukiya irin wannan ba a barin ta a hannun mutum ɗaya, shi ya sa kowa a gonar yake da aikinsa, kuma ya san wanda zai kai wa rahoto.

Manaja ne ke kan gaba. Shi ke tsara kasafin kuɗi, ya ɗauki ma'aikata, ya tattauna da masu dawaki. A ƙarƙashinsa akwai shugaban barga, kwatankwacin Shamaki a fadojinmu, wanda ke raba aikin yini, ya kuma san halin kowace goɗiya. Ingarma yana da mai kula da shi na musamman, domin doki mai ƙarfi ya fi natsuwa a hannun wanda ya saba da shi. Sauran ma'aikata su ke share barga, su ba da abinci, su fita da dawaki kiwo. Likitan dabbobi na duba ciki da na'ura, mai gyaran kofato kuma na lura da ƙafafun jarirai tun suna 'yan makonni. A ofis, sakatare ne ke rubuta ranar barbara da ta haihuwa, domin dokin da ba a yi wa rajista ba ba zai shiga tsere ba.

Aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne gadin dare. A Ingila ana lissafa shekarun dokin sukuwa daga 1 ga Janairu, ko a wane wata aka haife shi. Don haka ake fara barbara a tsakiyar Fabrairu, goɗiya ta yi kusan wata 11 da ciki, haihuwa ta zo daga Janairu zuwa wajen Mayu. Yawancin goɗiyoyi kuma da dare suke haihuwa, cikin tsananin sanyi.

Naƙudar goɗiya gajeruwa ce. Da zarar faya ta fashe, a ƙa'ida jaririn kan fito cikin minti 20 zuwa 30. Idan ya zo a karkace kuma mai gadi yana gyangyaɗi, ana iya rasa shi, wani lokaci har da uwar. Bayan haihuwa akwai ma'auni uku da ake koya wa kowane ma'aikaci: jariri ya miƙe tsaye cikin awa ɗaya, ya kama nono cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. In ɗaya ya saɓa, sai a kira likita.

Abin da iyaye mata za su fi ganewa a nan shi ne batun dakashi. Ɗan doki na zuwa duniya ba shi da garkuwar jiki, daga nonon farko yake samun ta, kuma cikinsa kan daina karɓarta bayan kamar yini guda. Saboda haka gonaki da yawa ke adana dakashi a firiza don jaririn da uwarsa ba ta da isasshe. Ruwan nan mai kauri da wasu gidajenmu ke matsewa a zubar, can kamar zinari ake tattalinsa.

Manaja nagari ya san gajiyayyen mutum shi ke yin kuskure. Don haka ake yin karɓa-karɓar dare, a rubuta duk abin da aka gani a littafi, mai sauka ya yi wa mai hawa bayani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ke fa uwargida, a makon farko bayan haihuwarki, wa ya karɓe ki da dare? Faɗa mana a ƙasa.