Tsofaffin Takardun Yaƙin Hitila Da Ke Ƙasan Adaka

Yau zancenmu a kan takarda ne, watau tsohuwar takardar nan da ta yi ja, wadda akan tarar a ƙasan adaka ran da aka zo rabon gado.

Kwanan baya na je gaisuwar mutuwa a ƙasar Rogo. Ana cikin fid da kayan marigayiya sai ga wani ƙunshi na tsumma a cikin kwalla. Da aka kwance, sai ga littafin sallamar mahaifinta daga soja, da rasiɗan haraji, da takardar awon gyaɗa. Wata yarinya har ta kwasa za ta hura wuta da su, na yi maza na karɓe. Gara ta riga ta ci rabin takardar awon, amma ana ganin shekarar, 1943.

To, me ya haɗa gyaɗar ƙauye da yaƙin Turawa? An fara yaƙin nan a 1939, aka gama a 1945. A watan Fabrairu na 1942 Japan ta kama Singafo, ta tare wa Ingila hanyar man girki da kuza da roba waɗanda take samu daga gabas. Sai Ingila ta juyo wajenmu. A shekarar nan aka kafa hukumar da ta riƙe cinikin gyaɗar Afirka ta Yamma, ita ke yanka kuɗi, kamfanoni irin su UAC da dillalansu suna saya mata. Zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero ke nan. Umurni ya fito daga birni zuwa ga hakimai, irin su Sarkin Karaye, daga nan zuwa dagatai da masu unguwa, a ƙara noman gyaɗa. Wasu samari kuma aka kwashe su aikin tilas na haƙar kuza a Jos, daga 1942 zuwa 1944.

Maza suka noma, amma wa ya ɓare? Mu ne. Kakanninmu mata su suka sa gyaɗar a turmi, suka sheƙe, kana aka ɗora wa jakuna zuwa wurin sikeli, daga can sai Kano, sai jirgin ƙasa zuwa Ikko. Ga gishiri ya yi wuya, ga kananzir da yadi sun yi tsada. Sunan mace ba ya cikin takardar awo, amma guminta na ciki.

Littafin sallama kuwa labarin waɗanda suka tafi ne. A 1943 aka haɗa runduna ta 81 da ta 82 na sojan Afirka ta Yamma, aka kai su Bama su kara da Japan. Da yawansu 'yan Arewa ne, kuma da yawa aikinsu dakon harsashi da abinci a ka, cikin kurmin da mota ba ta shiga. A kwarin Kaladan ta jirgin sama ake jefo musu guzuri. A watan Janairu na 1945 suka ci garin Myohaung, wanda aka sa wa wani barikin soja na Ikko sunansa. Littafin nan yana ɗauke da sunan mutum da lambarsa ta soja, kuma da lambar ne ake bin sawunsa.

Takardun Razdan da na Di'o suna nan a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, amma bakin mai mulki ne. Abin da talaka ya bayar, da abin da aka biya shi, sau da yawa ba shi da wata shaida sai wadda ke ɗakinki. A Turai akwai masu tara irin waɗannan takardu, suna saye suna sayarwa. In wani ya zo da 'yan kuɗi, ki yi tunani, gama kuɗi za su ƙare, takarda kuwa in ta fita gida ta fita ke nan.

Ga yadda za ki adana ta. Kada ki ninke, kada ki manna salatif, kada ki kai a liƙe ta da roba, domin zafi da danƙo suna lalata ta. Ki shimfiɗa ta tsakanin fararen takardu, ki sa a gwangwani mai murfi, ki ɗora a bisa, nesa da laima da gara. Ki sa yaro ya ɗauki hotonta da waya, gaba da baya. Sa'an nan ki zauna da tsofaffin gida tun suna da rai, ki tambaye su: wane ne mai ita, wane gari, ya komo ko bai komo ba? A rubuta amsar a wata takarda dabam, a ajiye tare. In kina son a karanta miki, akwai malaman tarihi a Jami'ar Bayero, akwai ma'aikatan Gidan Makama a Kano da na Arewa House a Kaduna.

Matan Karaye da Rogo, kowa ta duba adakar gyatumarta kafin damina ta faɗi. Allah ya jiƙan magabatanmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.