Kada Ku Bari a Raba Magani da Kwalinsa

A ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, inda rashin tsaro ya sa zuwa asibiti ya zama jidali, mai zazzaɓi yakan fara da kemis ko mai tallar magani ranar kasuwa. "A haɗa mini na ɗari biyar." Sai a yanko ƙwaya biyu nan, uku can, a ƙulle a leda. Kwalin kuwa yana bola, alhali a jikinsa shaidar maganin take.

Ban da lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, wasu magunguna yanzu suna ɗauke da ɗan zane mai kusurwa huɗu, cike da ɗigo-ɗigo baƙi da fari. Tsarin GS1 ke nan, wanda duniya ke aiki da shi. A cikinsa akwai lambar nau'in maganin, lambar rukunin da aka sarrafa tare, ranar lalacewa, da wata lamba da kwalin nan kaɗai ya mallaka. Na'ura za ta karanta shi a masana'anta, ta sake karantawa wajen dila, har ya iso kanti. In lamba ɗaya ta ɓulla a Funtuwa da Legas lokaci guda, to ɗaya jabu ne. NAFDAC ta gwada wannan bibiya da allurar rigakafin korona a 2021.

Lambar rukunin nan ba ado ba ce. Daga ƙarshen 2008 maganin haƙoran jarirai My Pikin ya hallaka yara 84 a Najeriya. In irin haka ta faru, da suna da lambar rukuni ake cigiyar gurɓataccen kaya a janye shi. Wanda aka ba shi a leda, me zai duba? A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan magani ɗaya cikin goma a ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marar inganci.

Zanen bai kai ga kowane kwali ba tukuna. Amma tun 2010 akwai na kankarewa, musamman a magungunan zazzaɓin cizon sauro: ka kankare, ka tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya, amsa ta zo. Shi ma sai da sabis, kuma mutanen yankin ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya wata da watanni.

Ko babu sabis, ido na aiki. Ku ce a nuna muku kwalin, ku gwada lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikinsa da na jikin katin ƙwayoyin. In sun saɓa, ko an goge wani wuri an sake bugawa, ku mayar, ku sanar da ma'aikacin lafiya mafi kusa.