Kibiyar da Ta Fita Sai an Ga Dawowarta: Tarbiyyar Maharba a Wani Ƙauye

A kudancin ƙasar Kano, inda gonakin masara da dawa ke ƙarewa duwatsu su karɓa, akwai wani ƙauye da har yau baka da kwari ba su zama kayan tarihi ba. Ba shi da nisa da dajin Falgore, wanda hanyar Kano zuwa Jos ta ratsa, amma mutanen garin sun san wancan gandun hukuma ne, farauta a cikinsa laifi ce. Tasu farautar a saurukan bayan gari ake yin ta, da bakin rafi, da gindin duwatsu. Ɓauna da gwanki sai a bakin tsofaffi. Abin da ya rage shi ne zomo da gafiya da fakara da zabin daji, in an taki sa'a kuma a haɗu da gada.

Akwai bindigar toka a garin, amma ba ta kori baka ba. Albarushi kuɗi ne, ƙarar harbi ɗaya kuma tana watsa duk naman da ke kwarin. Kibiya kuwa maƙerin gari ke ƙera kanta, kyauro a fadama yake, kuma in ta fita ba mai jin ta sai wanda ta sama. Wannan shirun shi ne amfaninta, shi ne kuma haɗarinta. Saboda haka duk tarbiyyar maharban garin a kan abu ɗaya ta tsaya: sanin lokacin da ba a saki.

Da zarar an kai amfanin gona gida, hunturu ya busar da ciyawa, sai zauren Sarkin Baka ya cika da yamma. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kwanakin farko na duba kaya ne. Iskar hunturu maƙiyiyar itace ce da fata. Bakan da ya kwana wata da watanni a rataye, sai an tanƙwara shi a hankali ana sauraro, in ya yi wani ɗan ƙas to ya tsage daga ciki, ba ya zuwa daji. Tsarkiya ta fata ce da aka murɗa, ana bin ta da yatsa daga wannan kai zuwa wancan ana neman inda ta fara cinyewa, sannan a shafe ta da man kaɗe. Tsarkiyar da ta tsinke lokacin da aka ja ta iyaka, fuskar mai ita take fara nema, kuma ido ba shi da na canji.

Haka ake bin kibau ɗaya bayan ɗaya. Kibiyar Bahaushe ba ta da gashin tsuntsu a gindi irin na wasu ƙasashe. Kyauro ne mara nauyi, da kan ƙarfe mai kunnuwa da aka ɗaure masa. In kyauron ya tsage, yana iya fashewa a daidai lokacin saki, tsinkensa ya shige hannun da ke riƙe da baka. Irin wannan karya shi ake yi nan take, kada wani ya tsince shi gobe ya ga kamar mai kyau ne. Yaron da aka kama yana jan tsarkiya ya sake ta babu kibiya kuwa, zai sha faɗa, domin ƙarfin da ya kamata kibiya ta tafi da shi cikin bakan yake komawa, ta haka ake kashe baka mai kyau.

Ba a ba yaro kibiya mai kan ƙarfe da fari. Da bakan wasa yake farawa, da karan dawa mara kai, yana harbin kututturen gwanda ko buhun da aka cusa wa ƙaiƙayi, a bayan gari inda tudu ya tare bayan abin harbin. Ko a nan akwai doka: ba mai zuwa tsintar kibiya sai kowa ya sauke bakansa, ba a harbi sama don a ga inda za ta kai, ba a nuna mutum da baka ko da wasa, ko da babu kibiya a kai. Daga nan sai ya zama mai ɗaukar gora da jaka, yana bin bayan ubangidansa rani bayan rani, yana kallo. Wanda ya ƙosa ya ce, Baba, yaushe za a ba ni nawa kwarin, amsar da yakan samu ita ce sai ranar da aka ga nama ya gitta masa bai zabura ba.

Liman ma yana da hannu a wannan karatu. Yakan tuna wa samari hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa da ya riƙe kawunansu, kada ya ji wa wani rauni, da kuma wanda ya hana a nuna ɗan'uwa da makami. Shi ya sa a garin ba ka ganin maharbi ya ratsa kasuwa da kibiya a hannu. Tana cikin kwari, kanta a ƙasa, bakin kwarin a rufe.

Abin da ya fi komai tsauri shi ne sha'anin dafi. Tunda kibiyar ba ta da nauyi, ba ƙarfinta ne ke kayar da babban nama ba, abin da aka shafa mata ne. Sanannen tushensa shi ne kwankwani, tsiron nan mai yaɗo wanda sinadarin 'ya'yansa ke kama zuciya kai tsaye. Tarihi ya shaida ƙarfinsa. A yaƙin Burmi, ranar 27 ga Yuli 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, kibiya mai dafi ce ta kashe Manjo Marsh, jagoran rundunar Turawa. Tun kafin nan, likita John Kirk, wanda ya raka David Livingstone tafiyar kogin Zambezi, ya taɓa ajiye burushin haƙoransa wuri ɗaya da ɗan'uwan wannan tsiro, da ya yi amfani da shi sai ya ji ɗaci, bugun zuciyarsa kuma ya ragu. Ɗan abin da ya gogi burushi ke nan, balle wanda ya shiga jini.

Maharban ƙauyen ba su san Kirk ba, amma dokarsu ta yi daidai da darasinsa. Ba a haɗa dafi a cikin gida, can bayan gari ake yi, dattawa kaɗan ne ke zuwa, kuma mai sabon rauni a hannu ba ya taɓawa. Tukunyar da aka yi aikin da ita ba ta sake ganin madafi. Ba a sa goro ko guzuri a jakar da kibiya mai dafi ta shiga. Kwari ba ya kwana a ƙasa ko jingine da gado, a can ƙololuwar ɗakin maigida ake rataye shi inda hannun yaro ba ya kai, uwargida kuma ta san ba ɗakin da za ta aiki yara ɗauko wani abu ba ne. Kibau marasa dafi, na zomo da tsuntsu, wurinsu daban, kuma su aka fi fita da su.

Ranar farautar gayya, tun daren jiya an sanar da mai unguwa, an yi shela, an aika ruga an gaya wa Arɗo yankin da za a shiga. Wannan ba gaisuwa ba ce kawai. Dajin da maharbi ke gani nasa, na mutane da yawa ne: mata masu itace, masu yankan gamba don zana, yara masu kiwo, masu kaɗo ɗorawa. Da asuba kafin a tashi, kowa sai ya faɗi adadin kibau da ke kwarinsa a gaban jama'a.

A cikin daji sahu ɗaya ake jerawa, kowa yana ganin na damansa da na hagunsa. Wanda ya wuce gaba ya shiga bakin kibau, wanda ya saura a baya kuma ya sa 'yan'uwansa a bakin tasa. In nama ya tashi ya bi tsakanin sahu, ko ya koma baya, an yafe shi. Ba a tafiya da kibiya a ɗane, balle gudu, domin tuntuɓe ɗaya ya isa mutum ya faɗa a kan makaminsa. Mai tsallake rafi ko hawan dutse sai ya mayar da ita kwari. Mai hawa bishiya don kwanto kuwa, shi zai fara hawa, sannan ya jawo kayansa da igiya.

Babbar doka ita ce ba a harbin motsi. Ciyawa ta girgiza ba hujja ba ce, sai an ga kai, an ga ƙafa, an kuma san abin da ke bayan naman in kibiya ta wuce. Maharbi yakan bari sai ya matso kamar taku 20 zuwa 30, domin kibiya mara gashi in ta yi nisa ita ke zaɓar hanyarta. Dokar ta fi tsanani saboda kan burtu. Tsohuwar dabara ce maharbi ya ɗaura kan wannan tsuntsu a goshi, ya duƙa yana rarrafe yana kwaikwayon kiwonsa har ya isa kusa da nama. Dabarar da ta ruɗi gada tana iya ruɗin mutum. Don haka mai kan burtu shi kaɗai yake fita, ya faɗi inda za shi, kuma ba a sa shi ranar gayya. Haka nan Sarkin Baka ba ya son cinna wa daji wuta don koro nama. Ban da asarar ciyawar dabbobi da ƙone ƙananan itatuwa, hayaƙi yana ɓoye mutum, ga kuma nama yana fitowa a guje ta ko'ina, kowa yana juyawa da baka a ɗane. Farautar dare da tocilan a goshi ma haka take, idon akuya da na gada duk ƙyalli ɗaya suke yi.

Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. A zauren Sarkin Baka ba a karɓar wannan magana. Naman da aka sama a wutsiya gudu yake yi da kibiya a jikinsa, ya sha wuya, ya yar da ita a cikin ciyawa inda ba wanda ya sani, dafinta kuma bai mutu ba. Bayan wata guda yaro mai kiwo ya taka ta da ƙafa ba takalmi. Gara a ƙyale nama ya tafi lafiya. Wannan ne dalilin ƙirgen asuba. Da yamma kafin a raba nama sai an sake ƙirgawa, kamar yadda mai kaji ke ƙirga kajinta kafin ta rufe akurki. Wanda tasa ba ta cika ba zai koma da abokin rakiya, in dare ya yi kuma gobe da sassafe, ba a rufe maganar sai an gano ta ko an sanar da masu bin wajen.

In kibiya mai dafi ta sami nama, ana bin sawunsa da sauri don a riske shi da rai a yanka. Malaman Malikiyya sun ce in ya mutu kafin a yanka ba a ci, tunda ba a san ko raunin ne ya kashe shi ko dafin ba. Bayan yanka sai a yanke tsokar da ke kewaye da raunin, a binne ta da zurfi yadda karnuka ba za su tono ba. Kibiyar da aka ciro a goge ta da ganye, a binne ganyen, a wanke hannu kafin a taɓa abinci.

Duk da haka tsautsayi ba ya wuce ranarsa, kuma a nan ne tsohon ilimi da sabo suka ɗan sha bamban. Dattawa sun yarda da makarin da suka gada, ba mai raba su da shi. Ma'aikacin ƙaramin asibitin garin bai tsaya jayayya da su ba, abu uku kawai yake nanatawa. Kada a fizge kibiya daga jikin mutum, domin kunnuwanta baya suke kallo, fitarta ta fi shigarta ɓarna, wani lokaci ma ita ce ta toshe jijiyar da ta huda. A tallafe ta da tsumma mai tsabta don kada ta yi motsi, a danne gefen raunin in jini na zuba. Sannan a ɗauki mutum, kada a bar shi ya taka da kansa, a nufi babban asibiti ba tare da jiran a ga abin da makari zai yi ba, a kuma gaya wa likita ko kibiyar na da dafi. Ko ƙaramin ƙwarzane daga tsohon kan kibiya yana bukatar allurar titanos, ciwon nan mai sandarar da jiki ya sarƙe haƙora.

Abin da ke damun dattawan garin yanzu ba ƙarancin nama ba ne kaɗai. Rashin tsaro ya sa samari da yawa suna sayen baka da kwari a kasuwa don gadin gona ko sintiri. Sun sami makami a yini ɗaya, ba su ɗauki gorar kowa ba, ba wanda ya taɓa sa su komawa daji neman kibiyar da ta ɓata. Irinsu ne ke jingine kwari a bakin ƙofa, su hau babur da kibiya a hannu. Shi ya sa Sarkin Baka ya daina jiran sai ɗan gado ya zo. Duk wanda aka gani da baka a garin, ɗan maharbi ne ko ɗan manomi, ana kiransa zaure, a duba kayansa, a sa shi a sahun yara masu harbin buhu har sai an gamsu da hannunsa. Mai unguwa ya goyi bayan hakan, iyaye ma haka, domin 'ya'yansu ne ke kiwo a saurukan da ake harbin.